Rawar Chhau ta Indiya: ina takobin yake, kuma ta ina ake fara koyo?

Nafi'u:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san raye-rayen gabashin Indiya ce. Ana cewa rawar Chhau daga horon mayaƙa ta samo asali, amma bidiyoyin da ke yawo da wannan suna ko kusa ba su yi kama da juna ba. A wani sai ka ga ƙato sanye da fuskar aro mai ƙaton kambi, yana alkafura yana dira kan gwiwa, ƙura na tashi. A wani kuma mutum ɗaya ne da 'yar ƙaramar fuskar aro mai lumsassun idanu, yana takawa sannu-sannu, ba tsalle ba hayaniya. A na uku babu abin rufe fuska sam, sai ƙafa da ke tashi sama tana zana da'ira a iska. Duka kuma an rubuta musu Chhau.

To, rawa ɗaya ce ko an haɗa abubuwa daban ne a suna ɗaya? Sannan ina faɗan yake a ciki, tunda a yawancinsu ban ga takobi a hannun kowa ba? Na ƙarshe, wanda yake son ya fara horon jiki irin nasu, da me zai fara, kuma wane kuskure ne ya fi kama sababbin shiga? Don Allah a yi bayani dalla-dalla.

Malam Tanimu:

Wa alaikumus salam Malam Nafi'u. Duka ukun Chhau ne, babu wanda aka laƙaba wa sunan da ba nasa ba. Salo uku ne, kowanne yana ɗauke da sunan inda ya girma. Na masu alkafura da ƙaton kambi shi ne na Purulia, a jihar Bengal ta Yamma. Na mai ƙaramar fuskar aro da tafiyar natsuwa shi ne na Seraikella, a jihar Jharkhand. Wanda babu rufe fuska kuwa na Mayurbhanj ne, a arewacin Odisha, cibiyarsa garin Baripada. A taswirar yau jihohi uku ne, amma a ƙasa maƙwabtan juna ne, yanki guda mai duwatsu da dazuzzuka. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya su tare cikin jerin al'adun da ake gado.

Batun ina faɗan yake: ka daina kallon hannu da fuska, ka kalli daga ƙugu zuwa ƙasa. A can yake.

A Seraikella tushen horon sunansa parikhanda, wato atisayen garkuwa da takobi da sojojin masarautar suke yi. Bisa al'ada da asuba ake yinsa a bakin kogin Kharkai, takobi a dama, garkuwa a hagu. A Mayurbhanj ma akwai makamancinsa, wasan kai hari da karewa na dakarun ƙasa da ake kira paika. Da rawar ta bunƙasa a hannun sarakuna sai aka ajiye makaman a yawancin wasanni, amma jiki bai saki siffar mai riƙe da su ba. Shi ya sa za ka ga mai rawa yana wasan ɗawisu ko na masunci, amma hannun dama a ɗage, na hagu a gaba ƙasa-ƙasa, ƙirji a buɗe, gwiwa a lanƙwashe. Tsayuwar mai jiran sara ce.

Abin farko da ake koya shi ne tsayuwar chauk. Ga yadda take. Ka ware ƙafafu su wuce faɗin kafaɗa sosai, yatsun ƙafa su kalli waje. Ka sauka da ƙugu, gwiwoyi su buɗe gefe da gefe, har ƙafafun su ba da siffa mai kusurwa huɗu. Nauyi ya rabu daidai tsakanin ƙafa biyu, tafin sawu duka a ƙasa. Gadon baya a miƙe, kai a tsaye. Damtse biyu su buɗe daidai kafaɗa, a karya su a gwiwar hannu, na dama ya kalli sama kamar da takobi, na hagu ya kalli ƙasa kamar da garkuwa. Ta biyun ita ce dharan, inda nauyi yake komawa kan ƙafa ɗaya, jiki ya ɗan karkata, ɗaya ƙafar ta sami 'yancin tashi. Kusan kowane motsi daga ɗaya cikin biyun nan yake fita, kuma can yake komawa.

Mai farawa kada ya yi gaggawar sauka ƙasa sosai. Ya fara da rabin zurfi, ya riƙe na daƙiƙa 30, ya huta, ya maimaita sau 4 ko 5. Yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya iya riƙe minti 2 zuwa 3 ba tare da siffar ta lalace ba. Sai a lokacin ya ƙara zurfi. Rawar cinya ba matsala ba ce, ƙarfi ne yake shiga. Ciwo mai suka a cikin gwiwa kuwa alama ce ta a tsaya a gyara.

Kurakuran da suka fi yawa, kuma kusan kowa sai ya faɗa cikin biyu ko uku daga ciki:

Na farko kuma mafi haɗari, gwiwa ta faɗo ciki alhali yatsun ƙafa suna kallon waje. Dalilinsa mutum ya juya sawunsa fiye da yadda ƙugunsa zai iya buɗewa, sai gwiwa ta ɗauki murɗewar da ba aikinta ba ne. Maganinsa a rage juyin sawu har gwiwa ta zauna saitin yatsa na biyu. Buɗewar daga ƙugu take zuwa, ba daga sawu ba, kuma tana ɗaukar watanni.

Sai turo ɗuwawu baya da sunkuyo da ƙirji gaba. Wannan dabarar jiki ce ta gudun wahalar cinya. Yana kashe siffar, kuma yana tara gajiya a ƙasan baya. A jingina da bango a gwada: ƙeya da kafaɗu da ƙugu su kasance kusa da bangon yayin sauka.

Sai kuma wanda ya fi wuyar ganewa: miƙewa tsakanin taku da taku. A tafiyar Chhau, wadda ake kira chali, ana son tsayin kai ya zauna wuri ɗaya sai in motsin da kansa ya nemi a tashi. Sabon shiga yana sauka a taku, ya ɗan miƙe ya huta, ya sake sauka, sai ka ga kansa yana sama da ƙasa. Mayaƙin da yake haka ya bayyana wa abokin karawarsa lokacin da ba shi da gindin zama. A ja zare a bango daidai tsayin kai a chauk, a yi tafiya ana duba madubi ko a ɗauki bidiyo.

Hannun hagu ma yana yawan mutuwa. Hankali yana tafiya kan hannun takobi, na garkuwa ya saki ya rataye. Riƙe wani abu mai ɗan nauyi a hagu lokacin atisaye, ko da faranti ne, yana tuna wa hannun aikinsa.

Tafiye-tafiyen kansu da yawa daga dabbobi aka ɗauko su: ta damisa, ta ɗawisu, ta zalɓe, da sauransu, sannan akwai ta jarumi da ta dodo. Ana yin kowacce gaba da baya, a hankali sannan da sauri. Ni a ganina wanda bai yi wata uku zuwa shida kan tsayuwa da tafiya kaɗai ba, bai kamata ya taɓa tsalle ba.

Malama Rabi'atu:

Malam Tanimu ya shimfiɗa tushe, bari in ɗora a kan Mayurbhanj, domin shi ne salon da na fi ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Babu fuskar aro da za ta tare maka gani da numfashi, kuma motsinsa a tsare yake, ana iya ƙirga shi: topka 6 da ufli 36. Topka salon takawa ne, yadda ake ɗaukar jiki daga nan zuwa can. Ufli kuwa su ne tubalan rawar, kowanne guntun motsi ne da yake da sunansa da abin da yake kwaikwayo.

Abin da zai ba ka mamaki, Malam Nafi'u, shi ne kaso mai yawa na ufli ɗin nan ba daga fagen fama aka ɗauko su ba, daga aikin macen ƙauye ne tun wayewar gari. Akwai na tsince kashin shanu, akwai na dama shi da ruwa, akwai na yayyafa shi a tsakar gida, akwai wankin tukwane, niƙan kurkum, dakan shinkafa, shiƙa, wanka, goge zoben yatsan ƙafa, sa jan gari a tsagar kai. Sauran kuma na yaƙi ne da na dabbobi: saran takobi, tsallen barewa, damisa tana shan ruwa, biri yana shan ruwa, zillon jatan lande.

To ga inda faɗan ya ɓuya: duk ayyukan nan da mace take yi da hannu, mai rawa da ƙafa yake yinsu. Hannuwa ai sun riga sun kama aiki, ɗaya takobi ɗaya garkuwa, sai ƙafa ta zama ita ce mai ba da labari. Ɗauki na dama kashin shanu. Kana tsaye kan ƙafar hagu, gwiwarta a ɗan lanƙwashe, ka ɗaga ta dama, sawun ya riƙa kewayawa kamar hannu a cikin ƙwarya, ƙugu bai karkace ba, kafaɗu ba su motsa ba, sannan ka sauke ta cikin chauk daidai kan bugun ganga. Wanda ya iya wannan ya mallaki tsayuwa kan ƙafa ɗaya, ya mallaki buɗewar ƙugu, kuma ya iya sauke nauyi inda ya ga dama. Abin da mai takobi yake buƙata ke nan.

Matsalar da ake samu a ufli kusan kullum a ƙafar da ke ƙasa take, ba wadda ke sama ba. Mutane suna zuba ido kan yadda ƙafa za ta kai kunne, sai su ƙame gwiwar da suke tsaye a kai, ƙugu ya tashi ta gefe guda, jiki ya kwanta baya don ya rama. Ƙafar ta tashi kam, amma an rasa iko da ita, saukarta sai ta zama faɗuwa. A fara da tsayin gwiwa, a ƙirga 4 wajen ɗagawa, 4 wajen zana motsin, 4 wajen saukewa. Saukewar ce jarrabawa: idan sawu ya buga ƙasa da ƙara ba da nufinka ba, ba ka iya ba tukuna. Daga nan a rage ƙirgen zuwa 2, sannan 1. Kuma a yi kowane ufli dama da hagu daidai wa daida, don ɓangaren da ya fi rauni shi yake tona asiri a fili.

Wani abin da ke bambanta Mayurbhanj shi ne gangar jiki. Motsi yana farawa daga ciki ya bi ta ƙirji kamar igiyar ruwa, wani lokaci kuma ya tsaya cak da fizga. Masu rawar sun kasa yanayin motsi gida uku: hatiyar dhara, mai ƙarfi na riƙe makami, kalibhanga, mai taushi da lanƙwasa, da kalikata, wanda ya haɗa biyun. Sabon shiga yakan ɗauka ƙarfi shi ne ɗaure jiki duka. Idan ka ɗaure kafaɗa da wuya, igiyar nan ba za ta wuce ba, sai rawar ta koma atisayen soja zalla. Ƙarfin a ƙafa da mara yake, sama kuma a sake.

Wasa guda yana da tsari. Makaɗa ne suke buɗewa da rangabaja, wato kiɗan share fage, kafin kowa ya fito. Sai chali, shigowar mai rawa da tafiyar da za ta nuna ko shi wane ne. Sai nacha, jikin wasan, inda ake saƙa ufli da juna. Sai natki, rufewa da sauri mai tsanani. Wanda ya ƙarar da numfashinsa a tsakiya ba ya kai natki da siffa mai kyau, don haka a atisaye a riƙa yin wasan daga farko har ƙarshe, ba gunduwa-gunduwa kaɗai ba.

Tsaruwar nan ba daga sama ta faɗo ba. Sarakunan gidan Bhanja ne suka ɗauki nauyin rawar a ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma a Baripada aka sami ƙungiyoyi biyu masu gasa, Uttar Sahi da Dakshin Sahi, na arewa da na kudu. Kowacce tana ɓoye sabon wasanta sai daren biki. Gasar nan ita ta sa aka yi ta ƙirƙira da gogewa. A 1912 Maharaja Sriram Chandra Bhanj Deo ya kai wata babbar rawar yaƙi birnin Kalkata aka yi ta gaban Sarkin Ingila George na Biyar. Bayan masarautar ta shiga Odisha a 1949 tallafin fada ya yanke, rawar ta sha wuya, har aka kafa cibiyar Mayurbhanj Chhau Nritya Pratisthan a Baripada a farkon shekarun 1960, kusan lokaci ɗaya da cibiyar gwamnati ta Seraikella.

Abu ɗaya dai kada a ruɗe: Chhau ba za ta koya maka kare kai ba. Saran da ke cikinta an faɗaɗa shi don mai kallo daga nesa ya gani, kuma an ɗaure shi da kiɗa, abokin wasanka ya san lokacin da zai zo. Abin da za ka samu shi ne cinya, daidaito da numfashi irin na mayaƙi.

Nafi'u:

Na gode ƙwarai Malam da Malama, Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane inda zan riƙa kallo. Saura batun fuskar aron. Da me ake yinta, kuma yaya mutum yake gani da numfashi a ciki har ya yi alkafura? Sannan dirar nan kan gwiwa ta 'yan Purulia, akwai dabara ne ko jurewa kawai suke yi?

Sagir:

Malam Nafi'u, bari in ɗauki na fuskar. Ta Purulia yawanci a ƙauyen Charida ake yinta, kusa da Baghmundi, sana'ar gidajen Sutradhar ce kaka da kakanni, kuma a 2018 ta sami rajistar gwamnatin Indiya da ke tabbatar da cewa kayan wannan yanki ne. Da ganin girmanta za ka ce katako ce ko yumɓu zalla, amma fuskar kanta takarda ce da ƙyalle, yumɓun kaɗan ne.

Ana fara gina siffar fuska da yumɓu a kan allo, a bar ta ta ɗan sha iska. Sai a barbaɗe ta da toka mai laushi. Tokar nan ita ce ke hana takarda mannewa da yumɓun. Inda aka tsallake, a nan fuskar za ta yage ranar cirewa. Sai a jiƙa takarda a gam da aka tsinka da ruwa, a riƙa liƙawa falle kan falle, kamar 8 zuwa 10, ana danna kowanne cikin lungun ido da gefen hanci don kada iska ta maƙale. Idan ta bushe sai a ɗora yumɓu mai laushi a fitar da gira, leɓe, kumatu da duk abin da ake so ya fito. A kan wannan ake shimfiɗa ƙyallen da aka tsoma a ruwan laka, a bi shi da ɗan ƙaramin katako ana gogewa har ya yi sumul. A shanya a rana. Bayan ta bushe sarai sai a ɓamɓare yumɓun farko daga ciki, a huda ido da hanci, a shafa farar ƙasa, sannan fenti. Kambin daban ake haɗa shi a kan firam na waya, da duwatsun ado, ƙyalƙyali, ganyen roba da gashin tsuntsu.

Abin da ke ɓata aiki galibi gaggawa ce. Idan aka ɗora yumɓu kan takardar da cikinta bai bushe ba, danshin zai maƙale, fuskar ta yi taushi ko ta yi fumfuna, fentin ya ɓare daga baya. Idan ƙyallen ya yi kauri, ƙananan siffofi sun nutse. Idan yumɓun sama ya yi yawa, ta yi nauyi kuma ta tsage a faɗuwar farko. Shi ya sa aikin yake tafiyar hawainiya da damina, daga Yuni zuwa Satumba, don rana ce rabin sana'ar.

Launi ma ba yadda aka ga dama ake sawa ba, da shi mai kallo yake gane wanda ya shigo tun daga nesa. Cikin allolin Hindu, Krishna shuɗi, Kali baƙa, dodanni kuwa baƙi ko kore mai duhu ko ja, da zazzaren ido, haƙora waje da ƙaton gashin baki. Labaran daga Ramayana da Mahabharata da sauran littattafan addinin Hindu suke, irin su yaƙin Durga da dodo Mahishasura, da kisan Abhimanyu.

Ta Seraikella wata duniya ce. Ƙarama ce, ta kama fuska, launinta a kwance, idanu dogaye, ba fushi ba dariya. Da gangan aka bar ta haka, don mai rawa ne zai ba ta yanayi da wuyansa. A sunkuyar da ita kaɗan, sai ta zama mai baƙin ciki. A ɗaga haɓa, ta zama mai alfahari. A karkata gefe a tsaya, ta zama mai kunya ko mai sauraro. Kuskuren mai koyo shi ne yawan girgiza kai. Fuskar aro tana magana ne idan ta motsa ta tsaya. In ba ta tsaya ba, ba a karanta komai. Wasanninsu irin su Ratri, wato dare, da Mayur, ɗawisu, da Chandrabhaga, sunan wata budurwa, da Nabik, mai kwalekwale, kusan duk a kan wannan suke tafiya. Gidan sarautar Singh Deo da kansu suke rawar, ba tallafi kawai suke bayarwa ba, kuma su suka kai ta Turai a 1938.

Batun gani da numfashi, gaskiya duka biyun a takure suke. Ramukan ido ƙanana ne, gefe ba ya ganuwa, ƙasan ƙafa ma haka. Mai rawa yana auna filin da taku kafin a fara, ya riƙe inda makaɗa suke da kunne. Iska ta ramin hanci kawai take shiga, ga zafi ga gumi, shi ya sa wasannin Seraikella gajeru ne, da wuya su wuce minti 10. Wanda zai saba da ita ya fara iya wasan sarai da fuska a buɗe, sannan ya sa ta ya yi tafiya kawai na minti 2 ko 3, yana ƙarawa. A naɗa ƙyalle a kai kafin a ɗaura, don ya tsotse gumi ya kuma hana zamewa. Ɗaurin ya kama sosai: fuskar da ta goce da faɗin yatsa ɗaya ta raba idonka da raminsa, kuma a tsakiyar juyi ba ka da hannun gyarawa. A ta Purulia akwai ƙarin matsalar kambi, wanda yake iya kai kilo da dama kuma nauyinsa a sama yake, yana jan kai baya a kowane tsalle. Wuyan da bai sami horo ba shi yake fara gazawa kafin ƙafa.

Alhaji Bala:

Bayanai sun yi kyau. Ina da 'yar gyara ga maganar Malam Tanimu, sannan in amsa ta gwiwa.

Zancen parikhanda ya zauna daram a kan Seraikella, Mayurbhanj ma kusan haka. Amma a Purulia igiyar ba ta miƙe haka ba. Can rawar manoma ce da 'yan ƙauye, ta cuɗanya da bikin abin bautarsu Shiva na ƙarshen shekararsu da wasu raye-rayen yankin irin su natua, kuma sarakunan Baghmundi sun tallafa mata ba tare da sun mai da ita abin fada ba. Yaƙin da ke cikinta a labarin yake da kuma ƙarfin jiki, ba a jerin darussan takobi ba. Kusan kowane wasa karo ne tsakanin jarumi da dodo, wanda ake ja har ɗaya ya faɗi. Ba ta fita duniya sosai ba sai a shekarun 1960, da masanin al'adu Ashutosh Bhattacharya ya ja hankali kanta, daga baya gwanin rawar Gambhir Singh Mura ya sami lambar girmamawa ta gwamnatin Indiya, Padma Shri, a 1981, takwaransa Nepal Mahato kuma a 1983.

Dira kan gwiwa akwai dabara, amma dabarar ba ta hana lalacewa gaba ɗaya. Ba ƙoƙon gwiwa ne yake fara taɓa ƙasa ba. Ƙasan yatsun ƙafa ne suke fara karɓa, cinya ta riƙe nauyin ta rage masa gudu, sannan ƙwauri da gwiwa su sauka tare, jiki kuma ya ci gaba da juyawa ko ya tashi nan take don kada nauyin ya tsaya wuri guda. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, shi ya sa a bidiyo sai ka ga kamar faɗowa kawai aka yi. Na biyu, filin gargajiya ƙasa ce, tana shanye bugu. Matsala tana tsananta ne idan aka ɗauko wasan aka kai dandamalin siminti ko katako mai tauri. Na uku, masu yin nan tun suna yara suka fara. Baligin da ya fara yau kada ya gwada wannan daga kallon bidiyo, ko a kan katifa. Alkafura da dira sai da malami tsaye a gefe yana tare ƙugu.

Akwai kuma abin da ba a taɓo ba, wato kiɗa, alhali shi ne linzamin rawar. Dhol ganga ce mai fuska biyu, ita ke ba da umarni. Dhumsa ƙaton tambari ne da ake bugawa da sanduna biyu, shi ke ba da nauyi. Mohuri da shehnai na busawa ne, irin algaita, su ke ɗauke da karin waƙa. A Purulia ana buɗewa da waƙar jhumur da ke gabatar da wanda zai fito, kuma da Ganesha, abin bautarsu mai kan giwa, ake fara dare; da zarar rawa ta kankama sai murya ta ja baya, ganga ta karɓa. Mai dhol ba ya zama wuri ɗaya, yana bin mai rawa cikin fili yana yi masa ƙaraji, don wanda ke cikin fuskar aro kunnensa ne idonsa. Saboda haka mai koyo ya haddace bugun da baki kafin ya sa ƙafa, yana faɗa yana tafawa, har ya san inda zagayen kiɗan yake komawa farko. A wannan bugun na farko ake sauke ƙafa cikin chauk, ko a dira daga tsalle. Wanda ya dira kafinsa ko bayansa, ko da tsallensa ya kai rufin ɗaki, makaɗa da 'yan kallo sun san ya kuskure.

Mai son ganin cikakken wasa ya nemi na bikin Chaitra Parva, wanda ake yi wajen tsakiyar Afrilu a Seraikella da Baripada, da dare a fili, ana kai wa har gabanin asuba. A bidiyo kuma a zaɓi wanda aka ɗauka daga nesa da kyamara a tsaye, inda ƙafafu da makaɗa suke fitowa duka. Waɗanda ake yanka su ana matso da fuska ba sa nuna saukar sawu, kuma ita ce abin koyo.